Saƙa da Harshe Biyu: Tarihin Masu Fassarar Sana'a Tsakanin Danmak da Ayislan

A shekarar 1624 jiragen 'yan kasuwar Danmak sun tashi daga gaɓar Ayislan da lodin da ba kifi kaɗai ba ne. A cikin kayan akwai safar ulu ƙafa 72,230 da safar hannu 12,232, ana ƙirga kowace da 'yar'uwarta a matsayin ɗaya. Babu injin da ya taɓa ko ɗaya daga ciki. Mutanen tsibirin ne suka saƙa su da kibiya, maza da mata da yara, a cikin dogayen dararen hunturu, suna zaune a bakin gadajensu a ɗakin da aka gina da dutse da ɓawon ƙasa mai ciyawa, fitilar man kifi tana ci, mutum ɗaya yana karanta wa saura littafi. Mutanen ma ba yawa gare su ba. Ƙidayar farko da aka yi musu a 1703 ta sami mutum 50,358 kacal.

Da harshen Ayislan aka saƙa safar, amma da harshen Danmak aka yi mata kuɗi. Tun 1602 Sarki Christian na Huɗu ya hana kowa ciniki da tsibirin sai 'yan kasuwar ƙasarsa, dokar kuma ba ta faɗi ba sai 1787. Shekara 185 ke nan manomi yana kai ulu da kifi kantin Bature ɗan Kwapanhagan, yana karɓo gari da katako da ƙarfe da allura, farashin kuma an riga an yanke shi a takardar sarki. Duk wani sabon kayan aiki da ya shigo hannun ɗan Ayislan ta wannan ƙofa ya shigo, da sunansa na Danmak rataye a wuya. Wanda ke neman mai fassara littafin saƙa ko na sassaƙa daga harshen Danmak zuwa na Ayislan a yau, ya ga abin yana ba shi wuya, daga nan matsalarsa ta faro.

Ayislan ta shiga hannun sarkin Norwe a tsakanin 1262 da 1264. Da Norwe ta haɗu da Danmak a ƙarƙashin sarki ɗaya a 1380, tsibirin ya bi ta. Harsunan biyu tushensu ɗaya, amma sun daɗe da raba hanya. Na Danmak ya sha kalmomin Jamusawan arewa ya ƙoshi, ya kuma zubar da yawancin sauye-sauyen ƙarshen kalma. Na Ayislan ya riƙe tsohon nahawunsa kam, har yaron makaranta na yau yana iya karanta labaran da kakanninsa suka rubuta a fata shekara 700 da suka wuce. Ɗan Danmak ba ya jin ɗan Ayislan sai ya koya.

Abin da ya tsirar da harshen tsibirin tun farko fassara ce. Wani matashi, Oddur Gottskálksson, ya juya Sabon Alkawari zuwa harshen gida, kuma tarihi ya riƙe cewa a garken shanun Skálholt ya yi aikin, inda ɗumin dabbobi ke kare shi daga sanyi, idon bishop kuma ba ya kaiwa. An buga littafin a Roskilde ta Danmak a 1540. Bayan shekara 44 Bishop Gudbrandur Thorláksson ya fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki a maɗaba'arsa ta Hólar, kwafi 500, kowane a bakin saniya biyu ko uku. Bishop ɗin mai hannu ne, ana ma jingina masa sassaƙar wasu daga cikin katakon da aka buga adon littafin da su. Norwe da tsibiran Faro ba su sami irin wannan gata ba. Littafin Danmak aka miƙa musu, da shi suka yi ibada ƙarni bayan ƙarni. Coci a Ayislan ta tsaya da harshen gida. Kanti da ofis da shagon mai sana'a ne suka karkata.

Kafin zuwan kibiya a ƙarni na 16, dukiyar tsibirin ita ce vadmál, wani yadin ulu mai kauri da mata ke saƙawa a tsaye. Masaƙar jingine take da bango, an ɗaura duwatsu a ƙarshen zaren tsaye don su ja shi ƙasa, masaƙiya kuma tana kai da komo a gabanta wuni guda. Yadin ya zama kuɗi: kamu 120 daidai yake da saniya ɗaya, ko tumaki shida masu ulu da 'ya'ya, ko kifi 240. Kowane sashe na wannan masaƙa yana da sunansa na gado.

Sai Skúli Magnússon ya zo. Shi ne ɗan ƙasa na farko da sarki ya naɗa ma'ajin tsibirin, a 1749, kuma ya gaji da ganin ana fitar da ulu a banza. A 1751 ya haɗa manyan ƙasa suka kafa kamfani, Sarki Frederik na Biyar ya sa kuɗi da filaye, aka gina masana'antar kaɗi da saƙa da rini a wata gona mai suna Reykjavík. A jikin waɗannan rumfuna babban birnin yau ya tsiro, kuma ɗaya daga cikin gidajen, wanda aka gina a 1762, yana nan tsaye a titin Adalstræti. An ɗauko gwanaye daga Danmak da Jamus, suka zo da masaƙar zaune mai matakan ƙafa, wadda mutane suka riƙa kira masaƙar Danmak, da keken kaɗi da ya fi mazari sauri nesa ba kusa ba. Babu tafinta mai albashi a tsakanin maigida da yaransa. Maigida ya nuna da hannu ya faɗi suna, yaro ya maimaita sunan da lafazin gidansu. Da yaran suka koma ƙauyuka suka tafi da masaƙar da kalmominta, saƙar ma ta tashi daga hannun mata ta koma galibi aikin maza.

Masu neman ƙwarewa ta gaske kuwa jirgi suke hawa. Sigurdur Thorsteinsson ya zama babban maƙerin zinariya a Kwapanhagan. Gottskálk Thorvaldsson ya je can ya riƙa sassaƙa adon jiragen ruwa, ɗansa kuma da aka haifa a 1770 shi ne Bertel Thorvaldsen, mai sassaƙa dutse da sunansa ya cika Turai. Kwamin baftisma da Thorvaldsen ya sassaƙa wa ƙasar mahaifinsa yana babbar cocin Reykjavík tun 1839.

Akwai wani littafi da ke nuna yadda abin ya kai. Daga 1752 zuwa 1757 wasu samari biyu 'yan ƙasa, Eggert Ólafsson da Bjarni Pálsson, sun zaga tsibirin a kan doki da kuɗin hukumar kimiyya ta Danmak. Sun rubuta yadda ake gini, yadda ake rini da ganye da gansakuka, yadda ake jima, irin tufar da mata ke sawa, irin kwale-kwalen da masunta ke sassaƙawa. Littafin ya fito a Sorø a 1772 da harshen Danmak, aka juya shi zuwa Jamusanci da Faransanci da Ingilishi. Mutanen da aka yi littafin a kansu ba su same shi da harshensu ba sai 1943, lokacin da Steindór Steindórsson ya fassara shi. Shekara 171 ilimin gida yana zaune a bakin baƙi. Mai fassarar kuma aikinsa ba juya jimla kaɗai ba ne, sai da ya koma ya nemo wa kowane kayan aiki sunan da manoma suka gaya wa Eggert kafin Eggert ya sa masa rigar Danmak.

Shekara ɗaya kafin fitowar littafin, shugaban makarantar Skálholt, Bjarni Jónsson, ya rubuta wa kwamitin da sarki ya aiko don binciken halin ƙasa cewa gara mutanen Ayislan su bar harshensu su ɗauki na Danmak, kamar yadda Norwe da Faro suka yi. Ba mahaukaci ba ne. Ya dubi ƙasa matalauciya ce da duk ilimin zamani ke zuwar mata da harshe ɗaya, ya ga hanya mafi kusa. Amsar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga ɗaliban Ayislan da ke Kwapanhagan, waɗanda sarki ya ba wa gatan ci da kwana kyauta a masaukin ɗalibai na Regensen. A 1779 suka kafa ƙungiyar ilimi da fasaha, Lærdómslistafélagid, ƙarƙashin Jón Eiríksson, suka sa a dokarta cewa za a yi rubutu da tsantsar harshen gida, a guji aron kalma, a tono tsohuwa ko a ƙera sabuwa. Juzu'i 15 suka fitar daga 1781, kuma yawancin abin da ke ciki ba waƙa ba ne, bayanin noma ne da su da kiwo da sarrafa kaya. Daga wannan lokaci mai fassara a Ayislan ya ɗauki nauyi biyu, na isar da ma'ana da na ƙera kalma.

Wani abin da ya kamata a faɗa don adalci shi ne, wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan haɗarin ɗan Danmak ne. Rasmus Rask, masanin harsuna, ya zauna a tsibirin daga 1813 zuwa 1815. Abin da ya ji a titunan Reykjavík, garin da bai fi mutum ɗari uku da 'yan kai ba a farkon ƙarnin kuma 'yan kasuwar Danmak ke juya shi, ya tayar masa da hankali, har ya yi hasashen cewa nan da shekara ɗari ba za a sami mai jin harshen a garin ba. Shi ya tsaya aka kafa ƙungiyar adabin Ayislan a 1816, tana nan da rai har yau. A 1848 hakimin garin, Stefán Gunnlaugsson, ya sa aka manna sanarwa cewa harshen ƙasa ne ya dace da garin ƙasa, abin da ya ɓata wa 'yan kasuwa rai.

Kayan aikin mai fassara sun fara samuwa. Gunnlaugur Oddsson ya fitar da ƙaramin ƙamus na kalmomin Danmak masu wuya a 1819. Konrád Gíslason ya fitar da babba a 1851. Abokinsa, mawaƙi Jónas Hallgrímsson, ya fassara littafin ilimin taurari na Ursin a 1842, kuma maimakon ya ari kalmomin littafin sai ya ƙera nasa daga tsofaffin saiwoyi. Sjónauki, madubin hangen nesa, da addráttarafl, ƙarfin da ke jan abu zuwa abu, duk daga alƙalaminsa suka fito, kuma suna bakin mutane har gobe. Ranar haihuwarsa, 16 ga Nuwamba, ita ce ranar harshen ƙasa tun 1996.

To amma taurari daban, shagon kafinta daban. Babu wanda ya taɓa riƙe tauraro a hannu yana kiransa da wani suna tun yana yaro, saboda haka sabuwar kalma ta sami fili a buɗe. Kafinta kuwa ya gaji sunan kayansa daga maigidansa, maigidan kuma a Kwapanhagan ya koyo. Abin goge katako ya zauna a hefill, daga høvl. Ma'aunin da ake naɗewa ya zauna a tommustokkur, daga tommestok. Buroshin fenti pensill ne, ma'aunin kusurwa vinkill, magini múrari. Masu tsarkake harshe suna kiran irin waɗannan dönskuslettur, wato fantsamar Danmak, sun kuma yi nasarar korar wasu, kamar snikkari da ya ba wa trésmidur wuri a matsayin sunan kafinta. Wasu kuwa sun ƙi tafiya. Mai karatun Hausa da ya taɓa tsayawa a garejin bakanike ya ji sufana da birki da giya suna yawo a tsakiyar zance ya san irin wannan zama. A 1904 aka buɗe makarantar koyon sana'a ta Reykjavík, a 1919 kuma ƙungiyar injiniyoyi ta kafa kwamitin kalmomi, inda malamai irin su Gudmundur Finnbogason da Sigurdur Nordal suka zauna da masu aiki suna tace suna ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon shi ne kayan aiki da yawa sun wayi gari da suna biyu, na littafi da na shago, kuma mai fassara dole ya san wanne zai ɗauka, ya kuma san don wa yake rubutu.

A ɓangaren allura da zare labarin ya fi daɗi, domin a can ne aka fi ganin mai sana'a da mai fassara a jikin mutum ɗaya.

Sigurdur Gudmundsson, wanda ake wa laƙabi da mai zane, ya tafi Kwapanhagan a 1849 ya yi karatu a makarantar fasaha ta sarki. A can ya shiga ɗakunan ajiya ya ga kayan ƙasarsa: littattafan fata da Árni Magnússon ya tattara, da labulen coci masu surfani, da sassaƙe-sassaƙe. Ko ƙofar cocin Valthjófsstadur, wadda aka sassaƙa mata jarumi da zaki wajen shekarar 1200, an kwashe ta zuwa can a 1851, ba ta dawo ba sai 1930. Sigurdur ya rubuta maƙala a kan tufafin matan ƙasarsa a 1857, ya komo gida a shekara mai bi, ya zana sabuwar rigar biki ta mata, skautbúningur, da furannin da za a yi mata surfani da zaren zinariya. Shi ne kuma ƙashin bayan kafa gidan tarihin ƙasa a 1863. Surfanin zinariyar nan da ya zama alamar kishin ƙasa, sunansa baldýring, kalmar kuma ta hanyar Danmak ta shigo. A gefensa akwai ɗinkunan gado irin su refilsaumur da glitsaumur, waɗanda harshen Danmak ba shi da sunansu na kansa sai dai ya yi bayani. Zirga-zirgar ta kowane ɓangare take.

A 1874 Thóra Melsted, wadda mahaifiyarta 'yar Danmak ce kuma a can ta yi karatu, ta buɗe makarantar mata ta Reykjavík tare da mijinta. Ɗinki da surfani suna cikin manyan darussa, samfurin kuma daga Kwapanhagan yake zuwa. Bayan shekara 12, a 1886, mata uku, Thóra Pétursdóttir da Jarthrúdur Jónsdóttir da Thóra Jónsdóttir, suka fitar da littafin farko na koyar da aikin hannu da harshen Ayislan, mai bayanin saƙar kwarashi da nau'o'in surfani, haɗe da zane-zane. Ta farkon cikinsu 'yar bishop ce, ta koyi zane a Kwapanhagan, ta kuma buɗe ajin zane a Reykjavík. Babu wadda ake kira mai fassara a cikinsu, amma aikin da suka yi ke nan. Sun ɗauki abin da hannunsu ya koya da wani harshe, suka zauna suka samo yadda za a faɗe shi da nasu ta yadda yarinyar da ke can wani kwari, ba malama kusa, za ta karanta ta ɗauki kwarashi ta yi. Saƙar kwarashin sabuwa ce a ƙasar, don haka sunanta, hekla, daga hækle aka ɗauko. Saƙar kibiya kuwa ta riga ta yi shekara 300 a gida, kalmominta sun yi saiwa, babu abin da Danmak za ta ƙara mata.

Wata mace kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Babban ƙamus na Ayislan zuwa Danmak da ya fito tsakanin 1920 da 1924 da sunan Sigfús Blöndal aka san shi. Matarsa, Björg Thorláksson, ta yi kusan shekara 20 tana aikin tare da shi, kafin ta tafi Faris ta zama macen Ayislan ta farko da ta sami digirin dakta, a Sorbonne, a 1926. Wannan ƙamus har yau ma'aji ne ga mai neman tsohon sunan wani sashe na masaƙa ko na kwale-kwale, domin an tara shi a lokacin da masu amfani da kayan suna raye. Mai fassara daga Danmak yakan bi shi ta baya, ya nemi bayanin don ya kai ga kalmar.

A daidai wannan zamani aka kafa ƙungiyar sana'o'in gida, Heimilisidnadarfélag Íslands, a 1913. Halldóra Bjarnadóttir, wadda ta rayu shekara 108, ta riƙe mujallar mata ta Hlín daga 1917 har shekara 44, tana yawo gida gida tana tara samfurin saƙa da sunayensu. Tana da shekara 93 littafinta a kan saƙar gidajen Ayislan ya fito, a 1966. Kayanta suna gidan tarihin masaƙa na Blönduós.

Siyasa ta yi nata tafiyar: mulkin cikin gida a 1904, 'yancin kai a ƙarƙashin sarki ɗaya a 1918, jamhuriya a 17 ga Yuni 1944. Ranar 21 ga Afrilu 1971 jirgin ruwan sojan Danmak ya dawo da manyan littattafan fata biyu, jama'a suka cika bakin tasha. Sai dai rabuwar gwamnati ba ta raba ɗakin girki da teburin ɗinki ba. Shekarun bayan yaƙin duniya na biyu su ne ma zamanin abin da kowa ke kira dönsku blödin, mujallun Danmak. Hjemmet da Familie Journal da Alt for Damerne suna isowa ta jirgin ruwa, mata suna biyan kuɗi a ajiye musu nasu a kantin littattafai, a yanke shafin samfurin riga ko na surfani a adana, a ba maƙwabciya aro. Yara kuma suna karanta mujallar barkwanci ta Anders And da harshen Danmak, domin ba ta fara fitowa da harshen gida ba sai 1983. A lokacin, harshen Danmak shi ne baƙon harshe na farko a makaranta. Uwar gida da ba ta taɓa taka Kwapanhagan ba, wadda in ta yi magana ɗan Danmak zai sha wuya kafin ya gane, tana iya bin umarnin saƙa layi layi ba tuntuɓe. Masu son zurfafawa suna zuwa makarantar Haandarbejdets Fremme, ƙungiyar aikin hannu ta Danmak da aka kafa a 1928. Masu zane ma haka: Einar Jónsson da Ásgrímur Jónsson da Jóhannes Kjarval duk a Kwapanhagan suka yi karatu, Júlíana Sveinsdóttir ta zauna can ta ci lambar zinariya a baje kolin Milan a 1951 da saƙarta, gidan zane-zanen ƙasar Ayislan kansa a Kwapanhagan aka kafa shi a 1884.

A nan bakin zaren yake. Tsawon lokacin da ilimin sana'a ya fi kwarara daga Danmak, babu mai bukatar a fassara masa, domin duk mai sana'a yana karantawa da kansa. Saboda haka ba a taɓa samun wani rukuni na mutane da suka ɗauki fassarar littafin sana'a daga wannan harshe a matsayin abincinsu ba, ba a yi musu makaranta ba, ba su bar magada ba. Sai ƙasa ta juya. Sojan Ingila sun sauka a 1940, na Amurka a 1941, rediyo da talabijin da fina-finai suka biyo baya. A 1999 manhajar makarantu ta sa Ingilishi a gaba, harshen Danmak ya koma na biyu. Har yanzu ana koyar da shi, amma matashiyar da ke saƙa a Reykjavík a yau ta fi sakewa da umarnin Ingilishi a intanet fiye da shafin da kakarta ta yanke. A lokaci guda kuma masu tsara saƙa na Danmak, irin su Marianne Isager da PetiteKnit, sun yi suna a duk arewacin Turai da wajenta. Bukatar fassara ta taso daidai lokacin da masu iya ta suka ragu.

Ana iya ganin wuyar aikin a layi ɗaya na umarnin saƙa. Ɗan Danmak yana rubuta shi da gajerun haruffa: m na nufin madauki, r na nufin saƙar gaba, vr ta baya. Ɗan Ayislan yana da nasa: L da sl da br. Harshen Danmak ya bambanta pind, layin da ake zuwa a dawo, da omgang, layin da ake zagayawa, na Ayislan kuwa umferd yake ce wa duka biyun, sai mai fassara ya ƙara bayani in ba haka ba mai saƙa ta ɓata. Mafi haɗari shi ne inda kalmomi suka yi kama. Idan umarnin Danmak ya ce slå op, yana nufin a ɗora madaukan farko a kan kibiya, abin da ɗan Ayislan ke kira fitja upp. Amma a harshen Ayislan slá upp á na nufin a naɗa zare sau ɗaya a kan kibiya don a buɗe ƙaramin rami na ado. Wanda ya san harsunan biyu amma bai taɓa riƙe kibiya ba zai faɗa wannan rami, injin fassara ma haka, kuma ba za a gane ba sai wata ta ɓata zare da dare biyu. Ga kuma batun ulu. Tunkiyar Ayislan gashi biyu gare ta, dogo mai kauri da ake kira tog da gajere mai laushi da ake kira thel, daga haɗinsu ake yin lopi, zaren rigar sanyin nan mai zagayayyen ado a kafaɗa, lopapeysa, wadda ta bayyana a tsakiyar ƙarni na 20. Umarnin da aka tsara don siririn zaren Danmak ba zai ba da awo ɗaya da lopi ba, kuma mai fassara na ƙwarai ya san inda zai ja kunnen mai karatu.

Mutanen Ayislan duka ba su kai 400,000 ba. A kasuwa irin wannan babu mai rayuwa da fanni ɗaya. Yawancin masu fassara masu zaman kansu ne, suna karɓar takardar kwangila yau, rubutun ƙasan fim gobe, littafin yara jibi, kuma mafi yawan aikin daga Ingilishi yake zuwa. Gwamnati tana da jerin masu fassara da ta ba wa lasisi, amma jarrabawarsu ta takardun shari'a da na hukuma ce, ba ta tambayar yadda ake haɗa kusurwar akwati ko yadda ake rufe bakin safa. Akwai ƙungiyar masu fassara da tafintoci da aka kafa a 2004, akwai sashen nazarin fassara a Jami'ar Ayislan, akwai rumbun kalmomin fannoni da cibiyar Árni Magnússon ke kula da shi, da ƙamus ɗin intanet na ISLEX da aka buɗe a 2011. Duk waɗannan suna taimako, sai dai ƙamus yana ba da kalma ne, ba ya gaya wa mutum wadda masu aiki ke faɗa.

Shi ya sa mai neman irin wannan gwani ya fi dacewa ya bi tsohuwar hanya, ya fara daga sana'ar kafin harshen. Dubban 'yan Ayislan suna zaune a Danmak, da yawa kuma sun yi karatun zane ko gini ko ɗinki ko adana kayan tarihi a can suka komo. Ana samunsu a cikin malaman ƙungiyar sana'o'in gida, wadda ke fitar da mujallar Hugur og hönd tun 1966, da cikin ƙungiyar masu saƙar hannu da aka kafa a 1977, da ma'aikatan gidajen tarihi da ke karanta tsofaffin rajistocin Kwapanhagan don gano asalin wani akushi mai sassaƙaƙƙen murfi ko wani labulen coci. Wani lokaci aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya iya jimla, ɗaya ya iya kibiya ko gizago, kuma ya kamata a biya su duka biyun a kuma rubuta sunayensu, kada a maimaita abin da aka yi wa Björg.

Gwajin ma ba a kan takarda ya kamata ya ƙare ba. A ba mai neman aikin shafi biyu, abin da ya fassara kuma a miƙa shi ga mai saƙar da ba ta ga na asalin ba, ta saƙa hannun riga ɗaya. In madaukai sun cika kuma awo ya fito daidai da abin da aka rubuta, a ba shi sauran littafin. In bai fito ba, a warware, a bi umarnin layi layi har a kai inda lissafin ya karkace.